Safar Hannun Baba Masahudu

Idan aka idar da sallar asuba a masallacin da ke bayan layin shagunan Al Aziziya a birnin Doha na ƙasar Qatar, Masahudu ba ya tsayawa gaishe-gaishe. Yakan zura takalmansa ya bi gefen katanga ya koma bakin aikinsa, wani rukunin gidaje takwas masu ƙofa ɗaya, inda yake gadi shekara goma sha huɗu ke nan. Ya buɗe ƙofar motoci, ya ja kwandunan shara zuwa bakin titi, ya ba shuke-shuke ruwa tun rana ba ta fara gasa ƙasa ba. Sannan ya dafa shayi ya sha a tsaye. Daga nan sai ya nufi wani ɗan sito da ke manne da ɗakinsa, ya ƙwanƙwasa ƙofar sau biyu kafin ya buɗe. Yanzu babu kowa a siton, amma hannunsa bai daina ƙwanƙwasawa ba.

Mutumin Kumasi ne, haifaffen Zongo, gajere mai kauri, maganarsa ba ta da yawa. Bara ya cika shekara sittin, a ƙarshen wannan wata na Janairu kuma zai koma gida gaba ɗaya. Masu haya a gidajen nan sun san shi da buɗe ƙofa da gyaran famfo. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa daga kullen korona zuwa gasar kofin duniya karnuka takwas sun yi zaman riƙo a siton nan, kowanne ya fita zuwa gidan da aka karɓe shi hannu biyu. Saboda ta takwas ɗin ne aka yi wannan rubutu.

Abin ya soma ne a shekarar kulle, lokacin da mutane da yawa suka rasa aiki suka bar ƙasar a gaggauce, wasu suka bar karnukansu a bakin titi cikin zafin da ke kashe dabba a yini ɗaya. Akwai wata ɗaliba 'yar Zariya, Saudatu, da ke karatun digiri na uku tana haya a ɗaya daga cikin gidajen. Ta shiga cikin 'yan sa-kai masu kwashe irin waɗannan dabbobi suna nema musu gida. Wata safiya ta tsaya a bakin ɗakinsa da takunkumi a fuska.

"Baba Masahudu, siton nan naka me ke ciki?"

"Tsohon tiyo da gwangwanayen fenti."

"Da esi a ciki?"

"Da shi. Dakta, faɗi abin da ya kawo ki."

"Kare ne, Baba. Kwana goma kacal."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ke, 'yar Zariya? Kare?"

"Wallahi ni ma ban gaya wa mahaifiyata ba."

Ya kira kafil ɗinsa, wato mai gidajen da ya ɗauke shi aiki. Kafil ya ce in dai ba za a dami masu haya da haushi ba, babu ruwansa, khalas, wato shi ke nan. Masahudu ya kwashe gwangwanayen, ya wanke siton, ya kafa sharuɗɗansa. Kare ba zai taka ɗakin da yake salla ba. Kwanonsa daban, buhun abincinsa daban. Ba zai raɗa wa kowane kare suna ba. Sannan ba zai taɓa kare da fatar hannunsa ba, sai da safar hannu ta roba, shuɗiyar nan da a lokacin kowa yake sakawa har zuwa kanti.

Saudatu ta tambaye shi dalilin ƙin raɗa suna. Ya ce shi ma ɗan riƙo ne, shekara tara ya yi a hannun gwaggonsa Awawu a garin Ejura kafin a mayar da shi gidan ubansa, kuma ya san abin da suna yake yi wa mariƙi.

Da waɗannan sharuɗɗa ya riƙe karnuka bakwai, kuma babu wanda ya cutu. Wani ya zo da ƙaiƙayi ya fita da gashi. Wani ya zo yana cizon iska ya fita yana kaɗa jela. Abokinsa Wahid, ɗan ƙasarsu, direban bas da ke zaune a unguwar Bin Omran, wanda yakan zo duk Juma'a su ci tuwo da miyar ayoyo, ya sa masa suna Sarkin Karnukan Doha.

"Alhaji," in ji Wahid, "mutane sun zo ƙasar Larabawa sun koma da Larabci, kai za ka koma da haushi."

"Ci tuwonka."

"Ina ci. Wannan kwanon dai na mutane ne ko?"

"Nasu ya fi wannan tsabta."

A watan Fabrairun 2021 aka kawo ta takwas. Ba a titi aka tsince ta ba. Daga wata gona ce a bayan gari, inda ake kiwon ƙananan fararen karnukan nan masu gashi don a sayar da 'ya'yansu. Ta yi shekara biyar a keji tana haihuwa ana ɗaukewa. Da cikinta ya daina ɗauka, masu gonar suka ce ko a zo a karɓa ko su san yadda za su yi da ita. Likitan dabbobi ya ƙiyasta ta haihu sau bakwai ko takwas. Yatsun ƙafarta sun buɗe saboda tsayuwa a kan wayar keji. Da aka sauke ta a siton, ba ta san abin da ake yi da fili ba. Sai ta riƙa zagayawa a wuri ɗaya, daidai faɗin kejin da ta baro, kamar har yanzu wayar na nan kewaye da ita. Ba ta haushi, ba ta kuka. Idan Masahudu ya miƙa hannu zai ajiye mata ruwa, sai ta manne da kusurwa, fitsari ya zubo mata, jikinta na rawa.

Ya yi mata duk abin da ya yi wa na baya. Ya zauna a bakin ƙofa ya ba ta baya, don kada idonsa ya tsorata ta. Ya riƙa ƙwanƙwasawa kafin ya shiga. Ya dafa mata kaza ba gishiri. Idan yana zaune hannuwansa a cikin aljihu, takan matso har ta shinshina bayan rigarsa, amma da zarar ya motsa hannu, ta koma kusurwa. Wata huɗu ana haka. Tunda dole a kira ta da wani abu idan ana zancenta, sai ya riƙa cewa Baƙuwa, yana kuma jaddada wa Saudatu cewa wannan ba suna ba ne, bayani ne.

Wata ranar Yuni, gab da azahar, yana tsakiyar alwala a bakin famfo sai ya lura ƙarar esin siton ta ɗauke. Wanda ya san Doha a Yuni ya san ɗakin da ba iska yakan zama tanda cikin ɗan lokaci. Ya ruga ya tura ƙofar. Baƙuwa na kwance harshe a waje tana haki. Kwalin safar hannun yana can cikin ɗakinsa, shi kuwa bai ma tuna da shi ba. Ya durƙusa ya miƙa mata hannuwansa yadda suke, ruwan alwala na ɗiga daga yatsunsa.

Ba ta gudu ba. Ta ɗaga kai ta shinshina tafin hannunsa, ta lashi ruwan. Ya ɗauke ta ya fito da ita inuwa, ya jiƙa mata ciki da ƙafafu, tana kwance a hannunsa kamar ta saba.

Da yamma ya kira Saudatu ya ce ta tsaya ta gani. Ya miƙa hannu tsirara, Baƙuwa ta matso. Ya saka safa ya miƙa, ta faɗa kusurwa tana rawar jiki. Saudatu ta ciro waya ta nemo hotunan da 'yan sa-kai suka ɗauka ranar da suka je gonar. Duk ma'aikacin da ke cikin hotunan yana sanye da shuɗiyar safa. Shekara biyar, hannun da ke shigowa kejinta ya ɗauke mata 'ya'ya shuɗi ne. Masahudu kuwa ya yi wata huɗu yana miƙa mata wannan hannun safe da yamma, yana mamakin taurin kanta.

Nan ne mutum zai tsaya ya yi tunani, shi ma ya tsaya. Malaman da ya zauna a gabansu a Kumasi 'yan Malikiyya ne, kuma ba su taɓa ce masa jikin kare mai rai najasa ba ne. Abin da suka koya masa shi ne a wanke ƙwaryar da kare ya sa baki a ciki sau bakwai. Ya san akwai malaman da suka fi haka tsanantawa, kuma bai raina maganarsu ba. Amma da ya bincika zuciyarsa sai ya tarar ba fatawa ce ta saka masa safa ba. Ƙyama ce kawai, wadda ya tashi da ita tun yana yaro, ya ɗinka mata rigar addini don ta yi kyan gani. Wannan da bakinsa ya faɗa wa Wahid ranar Juma'a.

"To alwalar fa?" in ji Wahid. "Ta lashe maka ita."

"Na sake wata. Ruwa bai ƙare a Qatar ba."

"Yau hannu, gobe sai mu ji kun ci a kwano ɗaya."

"Kai ma na ci da kai a kwano ɗaya, ban mutu ba."

Kai ne, Masahudu, mutumin da ya gano kuskurensa yana da shekara hamsin da takwas, bai tsaya kare kansa ba. Da yawanmu da mun ce karyar ce ba ta da hali, mu mayar da ita inda ta fito, mu riƙe safarmu. Kai ka cire taka. Sauran sharuɗɗanka kuwa ba ka taɓa su ba: har ta bar gidan ba ta taka ɗakin sallarka ba, kwanonta bai haɗu da naka ba. Ka ware abin da yake na Allah daga abin da yake na son ranka, aikin da mutane da yawa suke mutuwa ba su yi ba.

Daga ranar ta fara warkewa, a hankali ƙwarai. Da'irar da take zagayawa ta riƙa faɗi, har wata rana ta miƙe ta bi layi ɗaya daga ƙofar sito zuwa bakin famfo. Masu hayar gida na uku sun ga ranar da ta fara taka ciyawa, tana ɗaga ƙafa kamar mai taka garwashi, shi kuma yana tsugune a gefe yana jira, fiye da rabin sa'a. Amma warkewar ta zo da wata matsala. Baƙuwa ta yarda da mutum ɗaya a duniya, ba ta ƙara ko ɗaya ba. Iyalai uku suka zo ganinta a cikin shekara guda. Kowanne ta shige bayan ƙafafun Masahudu ta ƙi fitowa, kowanne ya yi godiya ya tafi neman kare mai wasa.

A tsakiyar 2022 kafil ya kira shi ya gaya masa gaskiya. Takardar aikinsa ba za a sabunta ta ba bayan ƙarshen shekara. Siton ma za a mayar da shi ɗakin wanki kafin Disamba, don gidajen sun cika da baƙi 'yan kallon ƙwallo. Masahudu ya tambayi Saudatu abin da zai faru da Baƙuwa idan ba a samu gida ba. Ɗaukar ta zuwa Kumasi ba abu ne da zai yiwu gare shi ba, ita kuma kafil bai yarda masu haya su ajiye dabba a cikin gidajen ba.

"Akwai gidan ajiyar dabbobi," in ji ta. "Za su karɓe ta."

"A ina za ta kwana?"

"Keji ne, Baba. Mai tsabta, amma keji ne."

A watan Satumba wata mata ta zo, ma'aikaciyar jinya 'yar Kerala ta ƙasar Indiya, sunanta Mariyamma, tana zaune a unguwar Mesaimeer da mijinta a gida mai ɗan tsakar gida. Ta yi shekara biyu tana aiki a ɗakin masu korona, ta ce tana son wani abu mai rai da za ta tarar a gida wanda ba ya buƙatar ta yi magana. Ta tsuguna yadda Saudatu ta koya mata, ta miƙa hannu babu safa. Baƙuwa ta shinshina iska daga nesa, ta ja da baya har kusurwa. Matar ta miƙe, idonta ya kawo ruwa, ta ce ba komai, ta gane.

Masahudu ya tsayar da ita. Da guntun Turancinsa da guntun Larabcinsa ya tambaye ta sa'a nawa take yi da safa a hannu kullum. Ta ce goma sha biyu. Ya shiga ɗakinsa ya fito da wani baƙin curi a cikin leda, sabulun salo, wanda ake aiko masa daga Kumasi, wanda da shi kaɗai yake wanka tun zuwansa ƙasar.

"Sista, hannunki yana warin roba, ke ba kya ji, ita tana ji. Ki yi wanka da wannan kwana bakwai, ki dawo."

Ta dawo ranar ta takwas. Baƙuwa ta tsaya tana duban mutum biyu masu ƙamshi ɗaya, sannan ta matso ta taɓa yatsun matar da hanci.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin gwanintarsa, kuma ba wanda ya koya masa. Mariyamma ta riƙa zuwa sau uku a mako. Ranar farko ya zauna kusa da ita. Mako na biyu ya koma bakin ƙofa, na uku bakin famfo, na huɗu ya tafi ya tsaya wajen ƙofar motoci yana yin kamar yana gyara wani abu. Ya daina ba Baƙuwa kaza, ya bar wa matar ta riƙa kawowa. A ƙarshe ya kwashe duk sabulun salon da ya rage masa ya ba ta, shi ya koma wanka da sabulun kanti, don ƙamshin da karyar ta sani da aminci ya tashi daga jikinsa ya koma jikin wata. Fatarsa ta bushe ta yi fari. Wahid ya ce masa yana ƙamshin banɗakin otal.

Aka sa ranar miƙawa, 28 ga Nuwamba, domin a duk watan gasar nan ranar da washegarinta ne kawai Mariyamma ta samu hutu a jere. A ranar ne kuma Ghana za ta kara da Koriya ta Kudu da ƙarfe huɗu na yamma, Wahid kuwa ya yi fafutuka ya samo musu tikiti biyu, ya nemi hutu, ya ari mota. Suka shirya za su kai Baƙuwa Mesaimeer da hantsi, su gama kafin azahar, su wuce filin wasa.

Ba su gama ba. Baƙuwa ta shiga gidan, ta shinshina shimfiɗarta, ta karɓi kaza daga hannun Mariyamma. Amma duk lokacin da Masahudu ya nufi ƙofa sai ta bar komai ta manne da ƙafarsa. Ya fita a ɓoye sau ɗaya, ta riƙa dukan ƙofar ƙarfe da kanta tana wani irin kuka siriri, karo na farko da wani ya ji muryarta, har gefen hancinta ya fashe. Dole ya dawo. Ya yi azahar a tsakar gidan. Ƙarfe biyu ta wuce, uku ta wuce. Wahid na tsaye da rigar Ghana a jikinsa yana duban agogo.

"Yalla, mu tafi, Alhaji. Sau nawa Ghana za ta zo ta same mu har inda muke?"

"Ka tafi, ka ba wani nawa tikitin."

"In tafi ka dawo da me? Da raƙumi?"

Bai tafi ba. Shi ya sa aka samu mai shaida.

Bayan la'asar Masahudu ya juya wajen Mariyamma ya ce ta ba shi safar hannu. Ta gane nufinsa nan take, ta girgiza kai ta ce a'a. Ya ce mata siton da za a mayar da karyar an riga an kawo injin wankin da za a saka a ciki, kuma idan ta bi shi yau, nan da 'yan kwanaki keji za ta kwana. Matar ta shiga ɗaki ta fito da shuɗiyar safa guda biyu, ta ajiye a kan kujera, ba ta miƙa masa a hannu ba.

Ya saka su a hankali, yatsa bayan yatsa. Ya durƙusa ya miƙa wa Baƙuwa hannuwan.

Wahid ya ce ta daskare tana duban hannuwan, sannan ta dubi fuskarsa, ta sake duban hannuwan. Ta ja da baya. Ta yi zagaye ɗaya, ɗan ƙarami, irin na da. Akwai kusurwa a tsakar gidan, kusa da ita ƙwarai, kuma duk wanda ya san ta ya zaci can za ta nufa. Ba ta nufi can ba. Ta ruga ta shige bayan ƙafafun Mariyamma ta cusa kanta cikin zanenta. Masahudu ya miƙe ya fita, ya ja ƙofar. Suka tsaya a waje suna saurare. Ba a sake dukan ƙofa ba.

A mota Wahid ya kunna wasan a wayarsa. An riga an yi nisa. Bai yi tsiya ba, abin da bai saba ba. Can ya ce, "Alhaji, cire abin nan daga hannunka mana." Sai a lokacin Masahudu ya lura bai cire ba. Yana cirewa ya ba shi sauran labarin gwaggonsa Awawu. Ranar da aka zo mayar da shi Kumasi, yana ɗan shekara goma sha biyu, ya ƙanƙame ginshiƙin rumfa ya ce ba inda za shi. Gwaggon, wadda ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ta fito ta ce ya ishe ta, cinsa ya yi yawa, ya tafi gidan ubansa ta huta. Ya saki ginshiƙin ya shiga mota bai waiwaya ba. Bai ƙara taka Ejura ba sai ranar jana'izarta, a can ne wata maƙwabciya ta gaya masa cewa bayan tafiyarsa matar ta yi kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba.

"Har yau ban san ko ta kyauta ba," in ji shi. "Amma na zauna a gidan ubana."

Ghana ta ci uku da biyu. Sun ji ƙarshen wasan a cikin cunkoson motoci, mutane na ta busa oda.

Saudatu ba ta ji daɗi ba da labarin ya iso mata, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce masa shekara ɗaya da rabi ya yi yana koya wa dabbar nan cewa akwai hannun da ba ya cutarwa, ya rushe a minti ɗaya, kuma abin da za ta riƙe game da shi ke nan. Ya ce haka ne. Ta ce da an ƙara mako biyu da ba a kai ga haka ba. Ya ce mako biyun ne babu. Ba su daidaita ba, har yau kowa na kan bakansa, kuma ba lallai ne mai karatu ya raba musu gardama ba. Ana iya tsoratar da wanda ya amince da kai don amfaninsa, a ce an yi daidai? Gwaggo Awawu ta yi, yaron ya zauna, amma ta mutu bai gaishe ta ba. Abin da za a iya faɗa da tabbaci kaɗan ne. Wanda ya yi irin wannan aiki don ya huta, mugunta ya yi. Masahudu bai huta ba. Shi ne ya rasa ƙamshinsa, ya rasa wasan ƙasarsa, ya rasa matsayinsa a zuciyar halittar da ta fi kowa yarda da shi a Doha, kuma da saninsa ya zaɓi haka.

Ga abin da ya biyo baya. Baƙuwa ta ƙi abinci kwana biyu, ta ci a na uku, daga hannun Mariyamma. Yanzu sunanta Ammu. Tana kwana a ƙarƙashin teburin cin abinci, tana yi wa kyanwar maƙwabta haushi, muryar a dushe kamar ta wanda bai saba magana ba. Mariyamma ta gayyaci Masahudu sau uku ya zo ya gan ta kafin ya tafi, ya ce a'a, kada a tayar da abin da ya kwanta. Saudatu ta nuna masa bidiyonta a waya, ya kalla sau ɗaya har ƙarshe ya mayar mata. Saƙo biyu kawai ya bayar: ya riga ya yi magana da masu zuwa daga Kumasi za su riƙa kawo wa Sista sabulun salo, sannan duk likitan da zai duba karyar a roƙe shi ya wanke hannu ya taɓa ta haka nan, in aikin zai yiwu ba safa.

Baba Masahudu, mai gadin ƙofa, mariƙin da ba ya riƙewa, mun gode. Kai ne ka ba marasa baki ɗaki mai sanyi a shekarar da mutane ma suke gudun juna. Kai ne ka nuna cewa riƙo aiki biyu ne, karɓa da saki, kuma na biyun ya fi ciwo, ba a kuma gode wa mai yin sa. Allah Ya kai ka Kumasi lafiya, Ya jiƙan Gwaggo Awawu, Ya sa abin da ka yi wa waɗannan bayi nasa ya tsaya maka ranar da kowa yake neman abin da zai tsaya masa.

Mu da muka rage, ba a ce sai mun so kare ba. Shi ma bai fara da so ba, da sito ya fara. Saudatu tana da wasu karnuka huɗu da ke jiran wurin kwana, wanda yake da ɗakin da ba ya amfani da shi ya neme ta. Wanda ba zai iya ba, ya dubi waɗanda ke ƙarƙashin kulawarsa, mutum ko dabba, ya tambayi kansa da wane hannu yake zuwa musu. Wahid ya fara nasa. An ga kwanon ruwa a bakin ƙofarsa a Bin Omran, yana cika shi kullum kafin ya fita aiki. Ya rantse na tsuntsaye ne. Kwanon dai a ƙasa yake ajiye shi.